Kwanan da Na Yi a Gidan Madam Helen

Sai da na yi wata bakwai a Ingila kafin na kwanta a gadon da zan miƙe ƙafafuna ban taɓa jikin wani ba. Kuma ba dabarata ce ta kai ni wannan gado ba, ruwan sama ne da ɓatan lissafi.

Sunana Nasiru. Ƙauyenmu yana yamma da Bici, a kan hanyar da ta nufi Shanono, irin ƙauyukan nan da gonar wannan gida take manne da ta wancan, ba ka ganin taku ɗaya na ƙasa da ba a nome ba. Na yi karatun kiwon lafiya, na shekara huɗu a ɗan asibitin garinmu ina wanke ciwo ina yi wa yara rigakafi. Wani mutumin birni da ake kira Bala Ejan shi ya samo mini takardar aikin kula da tsofaffi a Ingila. Don a biya shi, Baba ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu, ana saura wata ɗaya damina ta faɗi. Matata Saudatu kuwa na bar ta da cikin wata biyu.

A Birmingham na fara sauka. Kamfanin da aka ce ya ɗauke ni, da na bi adireshin, sai na tarar da ɗaki ɗaya ne a saman shagon wani mai aski, da tebur da kujera biyu da wata mata mai taunar cingam. Ta duba takarduna, ta ce komai daidai ne, amma a yanzu babu aiki, in koma za a kira ni. Na koma bayan mako ɗaya, ta maimaita. Na sake komawa, na tarar da ƙofar a kulle. Na kira Bala, ya ce in yi haƙuri, haka Turai take da farko. A kira na uku lambarsa ta daina shiga, har yau.

Wanda ya tsince ni wani dattijo ne Bahaushen Kumasi, Malam Awudu, a masallacin Juma'a. Ya ga ina zaune bayan kowa ya watse, ya zo ya yi sallama da irin Hausarsu mai lanƙwasa.

"Ɗana, kai baƙo ne. Ka ci abinci yau?"

Na ce na ci. Ya dube ni, ya ce, "To, taso ka ƙara."

Shi ya sama mini wurin kwana a wani ɗaki da mu shida muke ciki, katifa uku, masu aikin dare su kwanta da rana, masu aikin rana su karɓa da dare. Shi ya kai ni wurin wankin mota, inda nake tsoma hannu a ruwan sanyi daga safe har yamma, yatsuna su tsage kamar ƙasar fadama da rani.

Abin da ya fi wannan duka ciwo shi ne ƙaryar da nake yi wa gida. Na ari rigar aiki ta wani ɗan ɗakinmu, na tsaya a gaban wani asibiti aka ɗauke ni hoto, na tura. Saudatu ta nuna wa ƙawayenta. Yayana Lawan ya nuna a majalisa. In na kira Baba kuwa, tambayarsa ba ta wuce biyu: "Kana sallah a kan lokaci? Kana samun abinci?" In ce e. Ya ce, "Madalla," ya miƙa wa Yaya Lawan wayar. Ni kuma sai na ɗauka fushi yake yi da ni saboda shanunsa, don na san a daminar nan da fartanya suka fara noma kafin su samu aron na maƙwabta.

A wata na shida wasiƙa ta zo daga hukuma. An soke lasisin kamfanin da ya kawo ni, an ba ni wata biyu in sami wani wurin da zai ɗauke ni, ko in bar ƙasar. Kullum da yamma, in na dawo daga wankin mota, sai in zauna a kan matakala da wayata ina cike takardun neman aiki har batir ya mutu. Yawancinsu ko amsa ba sa yi. Ana saura kwana goma sha ɗaya, wani gidan kula da tsofaffi da ke can arewacin ƙasar, kusa da iyakar Scotland, ya ce in zo ranar Alhamis da ƙarfe goma su gan ni.

Alhamis ɗin da ta gabace ta kuwa Saudatu ta haihu, 'ya mace. Wato ranar da za a gwada ni ita ce ranar suna.

Na kama hanya ranar Laraba da sassafe. Malam Awudu ya raka ni tasha, ya cusa mini ledar dabino a jaka. Na yi awa biyar a bas, na sauya zuwa jirgin ƙasa, na sake sauyawa zuwa wani ƙaramin jirgi mai tarago biyu da ke ratsa tsaunuka da tumaki. Na sauka a wata tasha da ba kowa a cikinta sai benci da fitila. Daga nan ya kamata in hau bas zuwa garin da gidan tsofaffin yake, inda na yi niyyar kwana a wani masauki mai araha. Na karanta allon da ke jikin bango sau uku kafin na gane: da shigowar sanyi an rage zirga-zirga, bas ɗin ƙarshe ya wuce tun ƙarfe uku.

Na ce a raina, ni da nake taka ƙafa daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Bici, wannan ba za ta gagare ni ba. Na rataya jaka na bi titi. Ban yi nisa ba ruwa ya sauko, ba irin namu mai zuwa da ƙarfi ya wuce ba, wani siririn ruwa mai sanyi da ke shiga ta wuya ya gangara har ƙugu. Ƙarfe huɗu da rabi gari ya yi duhu kamar bayan isha. Ba gida, ba mutum, sai katangar duwatsu hagu da dama. Takalmin da na goge don gobe ya cika da ruwa yana kuka duk taku.

Wata mota mai jan tirelar tumaki ta wuce ni, sai ta tsaya. Wani jibgegen manomi ya leƙo ya yi magana. Na yi Turanci a makaranta, na kuma yi wata bakwai a ƙasar, amma wallahi kalma ɗaya ban kama ba. Na faɗi sunan garin da zan je. Ya girgiza kai, ya buɗe mini ƙofa. Muka yi tafiyar kamar minti goma muna jin warin tumaki, sannan ya tsaya a bakin wata ƙofar ƙarfe, ya nuna ciki da yatsa ya ce, "Helen." Wannan kaɗai na ji. Kafin in gama godiya ya ja motarsa.

Na bi wata doguwar hanya tsakanin manyan itatuwa da ba ganye a jikinsu. Da na fito fili sai na tsaya cak. Gida ne na dutse, hawa uku, tagoginsa sun fi talatin, amma biyu ne kawai ke da haske. A bakin ƙofa akwai ɗan allo da aka rubuta cewa ana ba da wurin kwana da karin kumallo. Na dubi gidan, na dubi kaina ina ɗigar ruwa, na ce wannan ba wurin irina ba ne. Amma ba ni da inda zan je. Na ja igiyar ƙararrawa.

Wata tsohuwar Baturiya ce ta buɗe, siririya, gashinta fari fat, da rigar sanyi har biyu a jikinta. A bayanta wani ƙaton kare mai gashi buzu-buzu ya nufo ni. Na yi tsalle baya har na kusa faɗuwa a matakala.

"Ba ya cizo," in ji ta. "Haƙoransa ma sun ƙare, kamar nawa."

Na ce, "Ki yi haƙuri, Madam. Ni Musulmi ne, in yawunsa ya taɓa kayana sai na wanke kafin in yi sallah, kuma ba ni da wasu kayan."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Na jira ta rufe ƙofa. Sai ta kama wuyan karen ta tura shi wani ɗaki, ta dawo ta ce, "Shigo mana, kana shigo mini da sanyi."

Na faɗa mata gaskiya tun a tsaye cewa abin da ke aljihuna na ƙaramin masauki ne. Ta ce lokacin sanyi ba mai zuwa, mako biyu ke nan ba ta yi baƙo ba, in ba da abin da na tanada ya isa. Ta ƙara da cewa na'urar ɗumama ƙaramin ɗakin ta lalace, don haka babban za ta ba ni.

Muka hau wata matakala ta katako mai faɗin da mutum huɗu za su jera. Kowane taku sai ta yi ƙara. A jikin bango hotunan mutanen da ne aka zana da fenti, maza masu gashin kai har kafaɗa, mata masu riguna kamar rumbu. Madam Helen tana tafiya tana nuna su kamar mai gabatar da dangi a wurin biki. Wannan shi ya gina gidan kusan shekara ɗari uku da suka wuce, da cinikin ulu ya yi arziki. Wancan ɗansa ne, shi ya kusa cinye dukiyar a caca. Waccan kuma 'ya'ya goma sha ɗaya ta haifa a nan. Duk kakannin mijinta ne, shi kuma ya rasu shekara tara da suka wuce.

Ɗakin da ta buɗe mini ya fi zauren gidanmu da shigifa in an haɗa. Gadon yana da ginshiƙai huɗu da labule, tsayinsa har sai ka taka ɗan benci. Ta dafa shi ta ce, "A nan aka haifi mijina, da ubansa. Da ba na bari kowa ya kwana a kai. Daga baya na lura ɗakin da ba a kwana a cikinsa shi yake fara yin danshi, rufinsa ya fara zuba. Shi ya sa na buɗe gidan ga baƙi."

Na tambaye ta ina ne gabas. Ta tsaya tana tunani, sannan ta ja ni taga ta ce da sanyi rana tana fitowa ta bayan wancan tsaunin. Na duba wayata, kusan daidai. Sai dai a bangon da zan fuskanta akwai hoton wani mutum mai jan kwat da takobi. Ban san yadda zan faɗa ba. Ita ta lura da inda idona yake, ta ɗauko tawul ta rataya a kan hoton.

"Dama ban taɓa son fuskarsa ba," in ji ta.

Na rama sallolin da hanya ta ci mini. Da na sauko, sanye da wata rigar sanyi ta marigayi mijinta da ta ajiye mini a bakin ƙofa, na tarar ta hura wuta a murhun falo, ta jera takalmina a gefe ta cusa musu tsohuwar jarida. Ta kawo miyar dankali da albasa, ta rantse ba nama a ciki balle naman alade, da burodin da ta gasa da kanta. Tun da na bar gida ban ci abin da aka dafa domina ni kaɗai ba sai ranar.

Ina cikin ci idona ya faɗa kan wani abu a kusa da murhu. Tim-tim ne na fata, ja da baƙi da kore, ya tsufa ya lotsa a tsakiya. Na ajiye cokali na je na taɓa shi. Ɗinkin dukawan Kano ne, ko a mafarki na gan shi zan gane. Na kai hancina, har yanzu da sauran ƙanshin jima a can ƙasa, a ƙarƙashin warin kare.

"Madam, daga ina wannan?"

Ta ce wani kawun mijinta ne ya yi aikin jirgin ƙasa a Afirka ya dawo da shi, ba ta san wace ƙasa ba. Na ce daga garinmu ne, a kan irinsa manyan mutane suke kishingiɗa. Ta rufe baki da hannu.

"Wayyo! Ni kuwa shekara goma kare ne yake kwana a kai."

Na yi dariya har da hawaye. Ita ma ta kama. Ban san lokacin da dariyar ta juye ba, sai na ji ina share ido da hannun rigar mijinta. Ta zuba mini shayi, ta jira.

A nan na faɗa mata komai. Bala Ejan, shanun Baba, wankin mota, hoton ƙarya, wasiƙar hukuma, da jaririyar da za a raɗa wa suna gobe ban ko ji nauyinta a hannuna ba. Ita ce mutum ta farko da na faɗa wa daga farko har ƙarshe, wataƙila don na san gobe zan tafi.

Ta ƙara itace a wuta. Sannan ta ce ita ma ɗanta ɗaya ne, yana Ostareliya, yana da 'ya mai shekara uku da ba ta taɓa gani ba sai a waya. Duk Lahadi yake kira.

"Kullum cewa yake komai lafiya. Lokacin da ya rasa aikinsa, wata huɗu yana ce mini komai lafiya. Tun makon farko na gane. Ni na haife shi."

"Me ya sa ba ki faɗa masa kin gane ba?"

"Jira nake ya faɗa da bakinsa. Jiran nan ya fi rashin aikin yi mini ciwo."

Na hau sama na kwanta. Gadon ya yi mini faɗi, na rasa gefen da zan bi, na ƙudundune a baki ɗaya kamar yadda na saba. Ba a jin komai sai ruwa a jikin taga. Na tuna a gida kaka ce, an gama girbin gero an shiga dawa, dammuna sun cika ƙofar gida, yara suna gasa ɗanyar gyaɗa a tokar kara, mata suna sussuka suna ƙaiƙayi. Na tuna ɗakin da aka haife ni, da azararsa da hayaƙi ya baƙanta. Haka barci ya ɗauke ni.

Da asuba na yi sallah na fito neman sabis, don bangon gidan kauri gare shi, waya ba ta kamawa a ɗaki. Sai a wata taga da ke tsakiyar matakala na samu. Na zauna a kan katako mai sanyi na kira Yaya Lawan ta bidiyo. A wurinsu gari ya waye.

"Angon ƙarni!" in ji shi. "Ga mu nan an taru, bari ka gani."

Ya juya wayar. Ga ƙofar gidanmu, an shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya. Ga dattawan unguwa a lulluɓe da mayafai, ga faranti ana zagayawa da goro da alawa. A gindin darbejiya an ɗaure rago fari mai baƙin kunne. Na san shi, shi Baba yake turke da shi don layya mai zuwa. Liman ya ɗaga hannu, na ɗaga nawa ni kaɗai a ƙarƙashin hotunan Turawan da suka mutu. Hoton yana tsayawa yana tafiya, muryoyin suna yankewa, amma na ji lokacin da sanƙira ya ɗaga murya:

"An sa wa yarinya suna Hauwa'u! Allah ya raya Hauwa'u!"

Sunan mahaifiyata ne, wadda ta rasu shekara biyu kafin in taho. Ni na ce Baba ya zaɓa, ban san abin da zai zaɓa ba. Yaya Lawan ya ce mata sun riga sun yanke za a riƙa kiran ta Jidda.

Na ce ya ba ni Baba. Baba bai iya riƙe waya ba, hularsa da goshinsa kawai nake gani. Na gaishe shi, na yi masa godiyar rago. Ya ce, "Kana sallah a kan lokaci?"

Na ce, "Baba, akwai maganar da nake so in faɗa maka. Ka ɗan matsa daga cikin mutane."

Na ga sama tana motsi, na ji hayaniya tana raguwa. Ya tsaya a bayan rumbu. Na faɗa masa. Ban yi wa maganar ado ba. Na ce tun da na zo ban yi aikin da aka ce ko na kwana ɗaya ba, rigar da ke hoton ta aro ce, mota nake wankewa, kuma in ba a ɗauke ni yau ba, kwanakina a ƙasar nan sun kusa ƙarewa. Na ce ya yafe mini shanunsa.

Ya gyara zaman hularsa.

"Nasiru," in ji shi, "lokacin da kake asibitin garin nan, kullum ka dawo sai ka cika mana kunne da labarin wanda ka yi wa allura da wadda ta ƙi shan magani. Wata bakwai ba ka faɗa mini sunan tsoho ko ɗaya da kake kula da shi ba. Tun kafin a yi noman farko na sani."

"To, Baba, me ya sa..."

"Na ga kana ɗauke da kaya, ban so in ƙara maka da kunya ba. Shanu kuwa ni na sayar, ba kai ba. Mun yi huɗa da na maƙwabcinmu Malam Sale, kuma damina ta yi kyau. Ka saurare ni. Ka je wurin mutanen nan ka faɗa musu abin da ka iya. In sun ɗauke ka, alhamdu lillahi. In ba su ɗauke ka ba, ka hau jirgi ka dawo gidanku da rana tsaka. Ban yarda ka ɓuya a ƙasar mutane kamar ɓarawo ba. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka," ya nemi inda ake kashe wayar bai samu ba, na daɗe ina jin takunsa da gaisuwar mutane kafin Yaya Lawan ya karɓa.

Daga nan na kira Saudatu a gidan iyayenta, inda take wankan jego. Hannunta ya sha lalle. Ta kawo wayar kusa da fuskar jaririya, an yi mata aski, tana barci da baki a buɗe. Na ce mata akwai doguwar magana da za mu yi da yamma. Ta ce, "Ni dai ka ci abinci, ka rame." Ina cikin kallon yarinyar na ji matakala ta yi ƙara. Madam Helen ce a tsaye da farar rigata da ruwa ya jiƙa jiya a hannu, ta busar ta goge ta. Na juya mata wayar. Ta sa tabarau ta sunkuyo, ta daɗe tana kallo, tana taɓa gilashin da ɗan yatsa.

Ban ci karin kumallo a kicin ba. Ta ce ranar suna ba a ci a kicin. Ta buɗe babban ɗakin cin abinci da ta ce rabon da a zauna a cikinsa tun rasuwar mijinta, ta yaye zanen da ke kan wani tebur mai kujera ashirin, ta fito da kwanukan tangaran masu bakin zinariya. Mu biyu muka zauna a ƙarshensa ɗaya. Ta kawo wani kunu mai kauri da madara da zuma, da soyayyen ƙwai, da burodi. Ni kuma na ɗauko dabinon Malam Awudu na zuba a faranti, na ce a garinmu duk wanda ya halarci suna sai an ba shi. Ta ɗauki ɗaya, ta yi ta ƙoƙarin faɗin Hauwa'u harshenta ya ƙi, ta koma Jidda. Ta ɗaga kofin shayinta ta ce Allah ya ba Jidda tsawon rai, ya kuma nuna mata ubanta da wuri. Na ce amin.

Ita ta kai ni da wata tsohuwar mota mai tari. A bakin ƙofar gidan tsofaffin ta gyara mini wuyan riga ta ce, "Kada ka yi sauri in kana magana. Ka dube su a ido, a nan ba rashin kunya ba ne."

Mata biyu ne suka gwada ni. Sun tambaye ni me zan yi in tsoho ya ƙi cin abinci. Na ba su labarin wani dattijo a garinmu da ya ƙi cin komai bayan rasuwar matarsa, sai da na riƙa zuwa da kwanona ina zama ina ci a gabansa ina yi masa hira, a kwana na uku ya sa hannu. Suka dubi juna suka rubuta. Bayan kwana uku, ina tsaye a wurin wankin mota da soso a hannu, suka kira suka ce sun ɗauke ni.

Na koma can da zama. Duk ranar hutuna nakan hau bas in je gidan Madam Helen, in share mata ganyen da ya toshe indararo, in faskara itace, mu sha shayi. A shekara ta biyu ta zame a matakalar nan ta karya ƙugu. Ɗanta ya zo ya tafi da ita Ostareliya, aka sa gidan a kasuwa. Ta aiko mini da hoto tana zaune a keken guragu, jikarta a kan cinyarta. Har yanzu in bas ya wuce ta bakin ƙofar ƙarfen nan nakan leƙa, ban san su wa ke ciki ba.

Ni kuwa sai da Jidda ta shekara biyu da wata biyar na samu hutu da halin zuwa gida. Kullum muna magana ta bidiyo, ta san ni, tana kirana Abba, tana sumbatar gilashin waya. Na shiga gida da la'asar, bayan na gaisa da Baba a zaure. Tana tsakar gida tana wasa da murfin kwano. Na durƙusa na miƙa hannu na ce, "Jidda, zo, ga Abba."

Ta dube ni, ta ruga ta ɓuya a bayan zanen uwarta. Saudatu ta yi ta lallashi, ta ƙi. Can sai ta shiga ɗaki ta fito da wayar uwarta a hannu biyu, ta tsaya nesa da ni ta miƙo, ta ce, "Kira Abba."

Na tashi na fita zaure, na zaro tawa wayar na kira. Fuskarta ta cika gilashin, tana dariya tana cewa Abba, Abba. Na ce, "Jidda, tsaya nan, ina zuwa." Na taho a hankali ina yi mata magana, na ratsa shigifa, na shigo tsakar gida ban kashe ba. Ta dubi wayar, ta ɗago ta dube ni, ta sake duban wayar. Na zauna a ƙasa a gabanta.

Ta ajiye wayar a kan tabarma, ta matso, ta sa ɗan yatsa ta taɓa hancina.